Bashin da Ƙafa ke Ci da Safe

Ran nan da yamma ina zaune a ƙofar gida sai ga ɗan ƙanwata ya ci birki a gabana, ƙura ta tashi, yana haki yana murmushi. Ko gaisuwar kirki bai gama ba ya miƙo mini waya.

"Kawu, duba nan. Kilomita 30 a awa. Tun daga shataletale har ƙofar jami'a ban yi ƙasa da haka ba."

Na karɓa na duba, haka ne kuwa. Na ce masa madalla. Sai ya gyara tsayuwa ya ce ai shi ya riga ya gama lissafi. Daga Keffi zuwa Lafiya wajen kilomita 120 ne, ke nan awa huɗu ta ishe shi. In ya tashi ƙarfe shida na safiyar Asabar, ƙarfe goma yana Lafiya yana karyawa, ya ɗan huta, ya juyo, ya yi la'asar a gida.

Na yi dariya har sai da ransa ya ɓaci. Bai san ba shi nake wa ba. Wani yaro nake wa dariya, wanda ya taɓa yin irin wannan lissafin a garin nan shekaru masu yawa da suka wuce, kuma yaron nan ni ne.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, kekunan da suka daɗe a jingine a zaure sun sake fitowa. Ina ganinku, ku samari, kuna zuwa makaranta da kasuwa da wajen koyon sana'a a kansu, wasunku ma har sun samo na gwanjo masu giya da siririyar taya, suna haɗuwa da sassafe suna tsere a hanyar Akwanga. Abin yana burge ni ƙwarai. Keke ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, kuma wanda ya riƙe shi da wuya tumbi ya same shi. To amma duk wanda ya ji daɗin keke a cikin gari, wata rana sai zuciyarsa ta raya masa tafiya mai nisa. Saboda wannan ranar nake rubuta muku wannan, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Lambar da waya ta nuna wa ɗan ƙanwata gaskiya ce, amma gaskiyar minti goma ce. Gudun matafiyi ana auna shi ne daga sanda ya ɗaga ƙafa a ƙofar gidansu zuwa sanda ya jingine keke a inda ya nufa. A ɗauki nisan, a raba shi da dukan lokacin da ya shige, har da tsayawar fitsari, da faci, da sallah, da gaisawa da abokin da aka haɗu da shi a hanya, da zaman da aka yi a gindin mangwaro ana jiran ido ya daina ganin duhu. Abin da ya fito shi ne matsakaicin gudunka. Kullum yana ƙasa da abin da kake zato, kuma iya nisan tafiya iya raguwarsa.

Ni da jikina na koyi wannan, jiki kuwa magayi ne. Ina ɗan shekara goma sha tara lokacin, tun Keffi tana cikin jihar Filato, tun hanyar Akwanga tana layi ɗaya. Keken mahaifina ne, baƙin Raleigh mai kariya, ba giya, nauyinsa kamar na ɗan maraƙi. Na ce zan je in gaida wani abokina da ke karatu a Akwanga, wajen kilomita 60, in dawo ran nan. Bazara ce, watan Afrilu. Na fita bayan sallar asuba, ba ruwa, ba guzuri, sai 'yan kuɗi a aljihu. Keke kuwa ya yi ta tafiya kamar ana tura shi. Na wuce manoma da fartanyoyinsu a kafaɗa, na wuce masu kekuna da kayan kasuwa, ina kaɗa musu ƙararrawa ina jin kaina wani ne. Garaku ma ban tsaya ba. Cikin kamar awa uku ina Akwanga, na sauka ina ta cika wa abokina baki.

Ashe tura ni ɗin ake yi. A bazara iska daga kudu maso yamma take busowa, ni kuma gabas na nufa, sai ta zauna a bayana tana yi mini rabin aikin, ban ko ji ta ba. Wanda iska ke bayansa ba ya jin iska, ƙarfinsa kawai yake ji.

Muka ci tuwo muka ƙoshi, muka yi hira har azahar. Wajen ƙarfe biyu na hau keke, rana tana tsakar ka. Tun kafin in bar gari na ji cinyoyina sun zama itace. Iskar da ta raka ni da safe ita ce yanzu ta tare ni a ƙirji, mai zafi kamar daga bakin tanderu. Gangaren da na sha daɗinsu duk sun juye sun zama hawa. Hawan da ke bayan gadar Mada a ƙasa na yi shi, ina tura keke, tireloli suna wuce ni suna watsa mini tsakuwa. Kafin in kai Garaku abin ya ƙwace. Hannuna ya kama rawa a kan keke, wata zufa mai sanyi ta karyo mini, titi ya riƙa lanƙwashewa a idona, sai kuma wata irin yunwa da ban taɓa ji ba ko a azumi, wadda ke sa mutum ya ji zai iya cin ganyen bakin hanya. Na sauka na zauna a gindin wata bishiya, keke na kwance a gefe, tayar baya tana ta juyawa ita kaɗai.

Wata dattijuwar Bafulatana ce ta same ni a nan, ta taso daga tallan nono za ta rugarsu. Ta tsaya ta dube ni, ta sauke ƙwarya, ta ce, "Ɗan nan, yunwa ce." Ta dama mini sauran furar da ta rage mata, ta zuba sukari da yawa. Na shanye ina kyarma. Ba a yi minti ashirin ba idona ya washe kamar an ɗage labule. Na miƙa mata kuɗi, ta ɗauki na fura ta mayar mini da saura, ta ce in tafi a hankali. Sai bayan isha'i na shiga Keffi, a cikin duhu, ba fitila. Hanyar da na ci a awa uku da safe ta ci mini fiye da awa shida. Na tarar da mahaifina zaune a zaure da tocila. Ya haska ni, ya haska keken, ya ce, "Keken lafiya dai ko?" Bai ƙara kalma ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Kada ku ce ai wannan raunin ɗan ƙauye ne da tsohon keke. Gwanayen duniya ma dokar ba ta ƙyale su ba. A watan Oktoban 2022 wani ɗan Italiya, Filippo Ganna, ya shiga rufaffen filin tseren keke a Suwizalan ya yi kilomita 56.792 cikin awa ɗaya cur, wato kusan daga nan zuwa Akwanga. A Yulin 2021 Christoph Strasser, ɗan Ostiriya, ya yi kilomita 1,026 cikin awa 24. In ka raba, bai kai 43 a awa ba. Shi dai wannan Strasser ɗin, a 2014, ya ratsa Amurka daga gaɓar yamma zuwa ta gabas, fiye da kilomita 4,800, cikin kwana 7 da awa 15 da minti 56, ga mota na biye da shi da abinci da masu yi masa tausa. Matsakaicinsa ya sauko zuwa 26 da 'yan kai. Sai Mark Beaumont, ɗan Sikotilan, da ya zagaye duniya a 2017, wajen kilomita 29,000 cikin kwana 78 da awa 14 da minti 40, yana kan sirdi kusan awa 16 kowace rana. In ka haɗa da barcinsa da jiragen da suka tsallakar da shi teku, matsakaicinsa 15 ne da ɗan wani abu. Gudun dattijon da ya ɗauro doya a kariya zai kai kasuwa ke nan. Na san filin Ganna a shafe yake, ba tudu ba iska, hanyar Beaumont kuwa akwai duwatsu da hamada, amma ku dubi tsanin: 56, 42, 26, 15.

A Faransa akwai wata tsohuwar tafiya daga Paris zuwa Brest da dawowa, kilomita 1,200, wadda aka fara a 1891, yanzu kuma duk shekara huɗu ake yin ta. Masu shirya ta sun daɗe da sanin halin ɗan Adam. Kafin a yarda ka shiga sai ka yi gwaji huɗu: kilomita 200 cikin awa 13 da rabi, 300 cikin 20, 400 cikin 27, 600 cikin 40. Duk wajen 15 a awa ke nan. Amma ita babbar tafiyar awa 90 suke bayarwa, wato 13 da ɗan ɗori. Sun sassauta ne don sun san ƙafar rana ta uku ba ita ce ta rana ta farko ba. Mutanen da suka shekara suna atisaye ake wa wannan rangwamen, sai kai da ka yi minti goma zuwa ƙofar jami'a ka ce 30 za ka riƙe har Lafiya?

To me ke cinye gudun? Na farko mai ne, don jiki ma yana da tankinsa. Akwai wani sukari da jiki ke adanawa a tsoka da hanta, dukansa bai fi rabin kilo ba a jikin babban mutum. Akwai kuma kitse, wanda ko siririn cikinmu yana da na kwanaki. Sukarin kamar karan dawa yake a murhu, nan da nan ya kama, ya ba da wuta mai ƙarfi, nan da nan ya cinye. Kitse kuwa gungumen itace ne, ba ya balbali, amma sai ya kwana yana ci. In kana tuƙi a natse, yadda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashinka ya sarƙe ba, gungumen ne ke ɗauke da kaso mai tsoka na aikin. In ka matsa har magana ta gagara, kara kake zubawa, kuma awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya ishe shi ƙarewa. Ranar da ya ƙare ba sallama yake yi ba. Ƙwaƙwalwa da sukari take aiki, shi ya sa jiri da rawar hannu da duhun ido suke zuwa tare. Abin da ya kwantar da ni a gindin bishiya ke nan, kuma dattijuwar nan da ba ta taɓa shiga aji ba ta gane shi da kallo ɗaya.

Saboda haka a ci tun yunwa ba ta zo ba, kaɗan-kaɗan, ana tafe. Dabino, ayaba, dafaffen dankali, ɗan gari da sukari da ƙuli-ƙuli, fura in an samu. Duk rabin awa ko fiye kaɗan a jefa wani abu a baki. Malmalar tuwo ko sakwara a tsakiyar tafiya kuwa, jini take janyewa zuwa ciki ta bar ƙafa da nauyi. A bar ta sai an sauka.

Na biyu iska. Mu da muke tafiya a ƙasa ba mu ɗauke ta komai ba, amma mai keke a shimfiɗaɗɗiyar kwalta, da zarar ya wuce gudun yawo, yawancin ƙarfinsa wajen keta iska yake tafiya. Kuma ba ta da adalci a ciniki. In ka ɗaga gudunka daga 20 zuwa 25, kashi ɗaya cikin huɗu kawai ka ƙara, amma ƙarfin da za ka kashe a kan iska ya kusa ninkawa biyu. A tafiyar kilomita 20, wannan ƙarin minti 12 kacal zai rage maka. Ka sayi minti 12 da safe da kuɗin da za ka biya awa biyu da yamma. Bashi ne da ruwa, kuma mai bin sa ba ya mantuwa, a kilomita na 70 ko na 80 yake tsayawa yana jiranka. Shi ya sa nake gaya wa yara, in kun fita da safe kuka ji tafiyar ta yi muku sanyi har kuna jin kunya, to daidai kuke. In ku biyu ne ko uku, ku jeru ɗaya bayan ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa. Na baya yana samun sauƙin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai dai a bar tazara, a kuma riƙa faɗa wa juna in ga rami. Wannan wayon ba a yin sa a bayan tirela ko tifa, ko da wasa. Direba ba ya ganinka, kai ba ka ganin hanya, birkinsa kuma ba shawara zai yi da kai ba.

Kafin ka fita, ka san inda iska ta dosa. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, mai zuwa Akwanga zai sha ta a fuska da safe, ta rako shi gida da yamma, wannan kuwa ciniki ne mai kyau. Da bazara da damina abin juyawa yake, kamar yadda ya juye mini.

Sai tudu. A nan ne lissafin 'yan makaranta ya fi tafka kuskure. Za ka ji yaro ya ce ai abin da hawa ya ci gangara za ta biya. Ba ta biya. Ɗauki tudu mai tsawon kilomita 2, ka hau shi da gudun 8 a awa, minti 15 ke nan. Ka gangara kilomita 2 na bayansa da gudun 40, minti 3. Ka yi kilomita 4 cikin minti 18, matsakaicinka 13 da ɗan kai, ba 24 da za ka samu in ka haɗa 8 da 40 ka raba biyu ba. Dalili kuwa, a hawan ka daɗe, a gangaren ƙiftawa ka yi, agogo kuma daɗewa yake ƙirgawa. Ƙasarmu nan ba shimfiɗar Kano ko Maraɗi ba ce. Daga Keffi duk inda ka nufa, ko Nasarawa ko Gitata ko Masaka, hawa da gangara ne ba iyaka, wanda ke cikin mota ba ya lura da su sam. Tsakanin Akwanga da Nasarawa Eggon kuwa duwatsu ne na gaske, inda manyan motoci kansu suke nishi. Mai zuwa Lafiya yana tarar da su ne bayan ya riga ya ci rabin hanya, ƙafa ta fara sanyi. A tudu a sauke giya tun da wuri, ƙafa ta yi ta juyawa da sauƙi. Wanda kekensa ba giya, ba abin kunya ba ne ya sauka ya tura. Gwiwa ba a sayar da ita a kasuwa.

Akwai wani ɓarawon da ya fi waɗannan iya sata, don shi da yardarka yake shigowa, wato tsayawa. A ce abokai biyu sun tashi zuwa Akwanga. Na farko mai zafin nama ne, 25 yake yi, tuƙinsa awa 2 da minti 24. Amma saboda ya ƙure kansa sai ya tsaya sau huɗu, kowace tsayawa minti 15, ya sha ruwan leda, ya duba waya, ya ɗauki hoto. Awa 3 da minti 24 ke nan. Na biyu 20 yake yi, awa 3, ya tsaya sau ɗaya a Garaku minti 15. Shi zai riga isa da minti 9, kuma shi ke da ƙafar dawowa. Doguwar tsayawa tana da wani sharri ma, tsoka takan huce ta sandare, tashi ya zama sabon aiki. Tsayawar da ba makawa, kamar sallah da cika gora, a haɗa su wuri ɗaya. Wadda kuma ake iya kauce mata tun a gida, a kauce: a kai keke wajen mai gyara kwana biyu kafin tafiya, a duba birki, a sa wa sarƙa mai, a ba taya iska sosai, a ɗauki famfo da kayan faci da tub na ajiya. Ƙusa ba ta zaɓar kusa da mai faci.

Rana kuma tata daban. Kun san zafin Keffi a Maris da Afrilu, sanda kwalta ke yin laushi a ƙarƙashin takalmi. Mai tuƙi a irin wannan yanayi yana iya zubar da lita guda ta zufa a awa, ko fiye, ba tare da ya sani ba, don iskar tafiya tana busar da ita. In ruwa ya ragu a jiki jini yakan ragu, zuciya ta ƙara bugu don ta yi aikin da ɗazu take yi a natse, ga kuma wani jinin da dole ta tura fata don a huce. Sai ka ga kana wahala fiye da ɗazu, keke kuma yana tafiya ƙasa da ɗazu. A sha ruwa kurɓi-kurɓi tun ƙishi bai kama ba. Zufa da gishiri take fita, don haka a gora ɗaya a yi haɗin nan da ake wa yara masu gudawa: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya ji ciwon kai da tashin zuciya da jiri, ko ya ga abokinsa ya fara magana ba kan gado, to tafiya ta ƙare a nan. A shiga inuwa, a jiƙa jiki, a nemi mota zuwa asibiti. Da azumi a baki kuwa kada ma a fara.

Ƙafa ba ita kaɗai ke gajiya ba. Bayan awa huɗu ko biyar mazaunai ne ke fara ƙara, sai wuya, sai tafin hannu ya mutu. Mutum ya yi ta mutsu-mutsu a kan sirdi, yana miƙewa yana zama, yana barin feda, gudu yana ta zubewa. Yawancinku sirdinku ya yi ƙasa. A ɗaga shi yadda in feda ta kai can ƙasa gwiwa za ta kusa miƙewa, da ɗan lanƙwasa kaɗan. Hankali ma yana gajiya, kuma tasa gajiyar ta fi haɗari. Masu ratsa Amurka da ke barcin awa ɗaya ko biyu a dare sukan ba da labarin ganin abubuwan da babu su a kan hanya. Kai ba za ka kai nan ba, amma gajiyayyen mutum yakan makara wajen ganin rami, ya makara wajen jin hon, ya ɗan karkata cikin titi bai sani ba. Hanyar Keffi zuwa Makurɗi an mai da ita tagwaye, ta yi sumul, motoci kuwa sun samu abin da suke so. Ga kuma halin tsaro da ba sai na faɗa muku ba. Ku yi lissafinku yadda la'asar za ta same ku a cikin gari, a gida kuma a san hanyar da kuka bi.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Na san abin da wasu ke haɗiya don su kashe gajiya, a gona da wajen lodi da kan babur, na kuma san zai biyo ku kan keke. Wani zai ce maka ƙwaya ɗaya ta taramol, ka je Lafiya ka dawo ba ka ji komai ba. Rashin jin shi ne masifar. Gajiya ɗan aike ne, jiki ya turo shi ya gaya maka mai ya yi ƙasa, ruwa ya ƙare, zafi ya yi yawa. Ƙwaya ba ta ƙara maka ko cokali ɗaya na mai, ɗan aiken take toshe wa baki. Ranar 13 ga Yulin 1967, a gasar Tour de France, Tom Simpson, gwanin Ingila wanda ya taɓa zama zakaran duniya, ya faɗi a hawan dutsen Ventoux cikin tsananin rana. Aka ɗora shi ya ci gaba, ya sake faɗuwa, bai tashi ba. Shekararsa 29. Bincike ya nuna akwai ƙwayar ƙara kuzari da barasa a jikinsa. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta taramol a gasa tun 2019. In waɗanda likita ke bin su a mota sun ji tsoronta, kai da ke tsakanin Gudi da Garaku kai kaɗai fa?

Kakanninmu fatake sun san duk wannan ba tare da waya ba. Keffi tana kan tsohuwar hanyar da ta taso daga Zazzau ta gangara Loko a bakin Binuwai, ayari sun sha sauka a nan. Madugu ba ya auna tafiya da ingarman da ya fi kowane gudu, da jakin da ya fi kowane nauyin kaya yake auna ta. A tashi da sanyin safiya, kafin rana ta yi zafi an kai zango, an sauke, dabbobi sun sha ruwa. Wanda ya ga sun sauka da rana tsaka zai ce ragwanci ne, alhali tafiyar watanni ce a gabansu, gobe ma ƙafar nan za a nema. Tafiya sannu-sannu kwana nesa, daga bakin irinsu ta fito. A zamaninmu ma, a 2023, wani matashi ɗan Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke don neman gurbi a Jami'ar Azhar ta Alƙahira. Ya bi ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Cadi, wajen kilomita 4,000 cikin kusan wata huɗu, har tsare shi aka yi a hanya, kafin masu alheri su haɗa masa kuɗin jirgi. In ka raba, bai fi kilomita talatin da 'yan kai a rana ba. Ya samu gurbin.

Ga abin da na gaya wa ɗan ƙanwata da ya huce. Lafiya tana nan, ba inda za ta. Ya fara da Garaku, ya je ya dawo, ya danna agogo a ƙofar gida, kada ya tsayar da shi sai ya dawo ƙofar gida. Lambar da ya samu ita ce tasa. In zai ninka nisan, ya rage mata wani abu, ya ƙara awa guda ta abin da ba a sani ba. Kowane mako ya ɗan ƙara nisa kaɗan, ya bar kwana ɗaya ko biyu na hutu, don a hutun ne tsoka ke ginuwa. Ranar da ya yi Akwanga ya dawo ya iya cin abinci ya yi hira kamar mutum, sai mu yi maganar Lafiya, ita ma ya kwana can wajen 'yan'uwa.

Asabar ɗin ya tafi, da gora biyu da dabino a aljihu. Na ji shigowarsa wajen sha ɗaya, ba ƙarar birki, ba ƙura. Ya jingine keke a hankali, ya tako yana buɗa ƙafa kamar ɗan kaciya, ya gaishe ni a tsaye don ya ce tsuguno ba zai yiwu ba. Na miƙa hannu, ya ɗan yi jim, sannan ya ba ni wayar. Ta nuna 17.

"Kawu, a zuwa fa 24 na yi."

Na ce na sani. Uwarsa ta leƙo daga cikin gida ta ce ga kunu nan in zai sha. Ya ce a kawo kwano biyu, a kuma taimaka masa da matashi mai laushi.